Tikiti na Goma Sha Bakwai

Pavlodar,
14 ga Disamba, 2003.

Zuwa ga Maman Behruz,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna, tana iya fitowa tsakar gida ta sha hantsi kuwa? Yaya tarin Nigina? Ki gaya wa Behruz na ga sakamakon jarrabawarsa da kika kwafo mini, kuma shirun da na yi ba yabo ba ne.

Ƙunshin da kika ba mai kula da taragon jirgi ya iso. Zabibin ya ragu a hanya, amma ban tuhumi kowa ba, tafiyar kwana uku ce. Safar ulun tana ƙafata yanzu haka. Allah ya saka miki.

Ni lafiyata ƙalau, in dai ana kiran wannan lafiya. Kogi ya daskare tun watan jiya. Hunturu na huɗu ke nan ina garin nan, har yau jikina bai yarda da shi ba.

Kin tambayi aiki. Yana nan yadda kika san shi. Darasin da na koyar shekara goma sha tara a Dushanbe shi nake koyarwa a nan, wanda yara ke kira difuri: lissafin yadda abu ke sauyawa da lokaci, yadda shayi ke hucewa, yadda ruwa ke tsiyayewa daga tanki. Rukuni biyu aka ba ni na 'yan shekara ta biyu, kuma duk darasin ƙarfe takwas na safe nawa ne, a ajin da bututun ɗumama ɗaki ya mutu. Shugaban sashenmu, Tolegen Mukanovich, ya ce wai mu mutanen kan duwatsun Tajikistan mun saba da sanyi. Ya yi dariya, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Wanda ake sabunta masa takardar aiki duk watan Yuni ba ya ƙin dariyar shugaba. Bana ma sai na ƙara buɗe haƙora, don na ji wani ɗalibinsa na dā ya gama karatu a Almaty yana neman gurbi, gurbin kuwa da za a iya ɓamɓarewa ba tare da hayaniya ba nawa ne kaɗai.

Jarrabawa tana tafe a farkon Janairu. Ta baki ce kamar kullum: tikiti ashirin da biyar a kife a kan tebur, kowane da tambayar ƙa'ida ɗaya da aikin lissafi ɗaya, yaro ya zari guda, ya zauna minti arba'in, ya zo gabana ya amsa. To ashe akwai wani littafi mai baƙin bango da ke yawo a ɗakin kwanan ɗalibai, manya suna gadar wa ƙanana, ciki akwai amsar kowane tikiti nawa. Bara wani yaro ya ba ni amsa daidai alhali ya riƙe tikitin a juye. Saboda haka bana na canza lambobin da ke cikin lissafin duka. Cikin kwana biyu na yi, tsakanin darasi da darasi, a tsaye a jikin taga, Lidiya Karlovna sakatariyar sashe tana jira da na'urar buga takardu tana cewa, “Sadullo Nematovich, ni ma fa ina da gida.” Za su haddace tsohon littafinsu su zo su tarar da ni.

Akwai yaro ɗaya da nake so ki san sunansa, don shi ne ke hana abinci yi mini daɗi. Madiyar Ospanov, ɗan ƙanwar shugaban sashe. Sai darasi ya yi rabi yake shigowa, ya zauna can baya, ya miƙe ƙafafu. Bai taɓa buɗe littafin rubutu a gabana ba. Ran nan na ce, “Ospanov, alƙalaminka ya rasu ne?” Ya ce, “Agai,” haka suke kiran malami a nan, “me zan rubuta? Duk abin da kake faɗa yana cikin littafi, shafi na sittin.” Aji ya kwashe da dariya. Na kira shi gaban allo don in kunyata shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya warware aikin, da wata irin hanya ta gajerce mai kama da ta ɓarawo, amma ya warware. Ya ajiye alli ya kaɗe hannu kamar wanda ya taɓa ƙazanta.

Shekara ashirin da uku ina koyarwa ban taɓa ƙin ɗalibi ba. Wannan na ƙi shi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'a. Ki gaida yayanki da iyalinsa.

Naki,
Sadullo.

Pavlodar,
9 ga Janairu, 2004.

Maman Behruz,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara da ta Inna. Ina fata kun shiga sabuwar shekara lafiya, kuma an kawo muku wuta ko da na yini ɗaya ne. Ni a ɗaki na yi ta, da shayi da sauran zabibinki.

An gama jarrabawa yau. Rukunin farko jiya, na biyu yau. Yaran sun shimfiɗa wa tebur ƙyalle, sun kawo furanni da ruwan kwalba kamar yadda aka saba, suna zaton furanni na tausasa zuciya. Dabarata ta yi aiki. Bakwai sun kawo mini amsoshin bara, na mayar da su su dawo ranar sake jarrabawa.

Ospanov shi ne na ashirin da biyu, ana gab da la'asar, ban sa komai a cikina ba tun safe. Ya zari tikiti na goma sha bakwai. Aikin ciki shi ne na tanki: tanki cike da ruwa, tsayin ruwan mita ɗaya, akwai huda a gindinsa. Bayan minti goma ruwan ya sauko zuwa santimita sittin da huɗu. Ina ruwan zai kai bayan minti saba'in? Bara minti arba'in ne, bana na mai da shi saba'in. Amsar da ke takardata goma sha shida ce. Jiya wata yarinya mai ƙoƙari, Raushan, ta zari wannan tikitin, ta cika shafi biyu da rubutu mai tsabta, ta fito da goma sha shida. Na ba ta biyar, maki mafi girma, har na ɗaga takardarta na nuna wa sauran.

Shi kuwa gogan ko minti biyar bai zauna ba. Ya taso da takarda mai layi biyu, ya kife ta a gabana, ya ce, “Sifiri, agai.”

Na ce, “Sifirin me?”

Ya ce, “Sifirin ruwa.”

Waɗanda ke zaune suna shiri suka fara ƙunshe dariya. Na ce, “Ospanov, nan ba gidan kawunka ba ne.” Ya buɗe baki ya ce, “Agai, bari in nuna...” Na ce, “Na gani. Wata huɗu kana nuna mini. Kawo littafin makinka.” Ko tambayar ƙa'idar ban yi masa ba. Na rubuta masa biyu, wato ya faɗi, na sa hannu. Ya tsaya yana kallona, bai yi fushi ba, kamar ma mamaki yake. Sannan ya ɗauki littafinsa ya fita, ya rufe ƙofa a hankali.

Kin san abin da biyu ke nufi ga irinsa. Zai sake zama ya ci, amma digiri mai jan bango da ake ba zakaru ya wuce shi har abada, ko da biyar zai yi ta samu daga nan har ya gama. An ce uwarsa ta riga ta gaya wa dangi kaf jan bango zai kawo.

Na zaci shugaba zai ci ni ɗanye. Sai ga shi ya tare ni a matakala, ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka yi daidai, Sadullo Nematovich. Yaron nan ya fi ƙarfin uwarsa, gara ya ji bulala daga baƙo. Ranar sake jarrabawa dai ka dube shi da idon rahama.”

Zan gaya miki gaskiya: na ji daɗi. Na biya kasuwa na sayi nama, na dafa shinkafa irin ta gida, na ci har na ƙoshi. Rabona da jin daɗin abinci haka tun kaka.

Ki shafa mini kan Nigina.

Naki,
Sadullo.

Pavlodar,
14 ga Janairu, 2004.

Maman Behruz,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida baki ɗaya. Allah ya sa wannan takarda ta riski ta makon jiya a hanya, ki karanta su tare, don ba na so ki kwana da waccan ita kaɗai.

Kin san al'adata tun Dushanbe. Duk wanda na kayar, sai na sake duba takardarsa bayan kwana biyu, lokacin da raina ya huce. Ranar Lahadi da hantsi na zauna da takardu takwas. Bakwai ba su da magana. Ta takwas na juya ta. Layi biyu ne, kamar yadda na gaya miki. Na farko ita ce dokar saukar ruwan, daidai da tawa harafi da harafi. Na biyu ya rubuta: “A minti hamsin tankin ya ƙare.”

Ke da kika koyar da 'yan aji huɗu shekara ashirin za ki gane wannan. Dokar tana cewa: raba mintunan gida biyar, ɗebe abin da ka samu daga goma, sannan ka ninka saura da kansa. A minti arba'in, takwas daga goma saura biyu, biyu sau biyu huɗu, santimita huɗu, daidai ne. A minti hamsin, goma daga goma ba saura, ruwa ya ƙare. A minti saba'in kuwa, goma sha huɗu daga goma, ka faɗa ƙasa da sifiri da huɗu. In ka ninka wannan da kansa alamar ragin sai ta ɓace, goma sha shida ta fito tsaf kamar mutuniyar kirki. Wato takardata tana cewa tanki ya tsiyaye ƙaf, sannan ruwan ya tashi daga ƙasa ya koma ciki ta hudar da ya fita. Dokar tana aiki ne muddin akwai ruwa. Ni nake faɗa wa yara haka duk shekara: in kun gama lissafi ku ɗaga kai ku kalli tankin. Ni ne ban ɗaga kai ba, a jikin tagar nan, ina sauri in kama ɓarayin amsa.

Amsa sifiri ce. Yaron ya gan ta cikin minti biyar, ya so ya nuna mini, na toshe masa baki.

Na sake lissafin sau uku ina neman wata kafa da zan bi in fita, kamar ba ni na koyar da abin ba.

Litinin na nuna wa Lidiya Karlovna. Ta cire tabarau ta rufe ƙofar ofis. Ta ce, “Wa ya sani?” Na ce, “Ni da ke.” Ta ce, “To ni ban ji ba, kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa. Sadullo Nematovich, kai yaro ne? Ranar sake jarrabawa ka ba shi huɗu, ka yaga tikitin, kowa ya kama gabansa. Jan bango! Wannan ko digiri marar bango ya kawo, kujera na jiransa. Kai wa ke jiranka?” Ta bayyana mini sauran, ko da yake na sani. Ba a soke biyu sai malami ya rubuta da hannunsa cewa kuskurensa ne, a karanta a taron sashe, a sa takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Baƙo mai gargaɗi a fayil kuwa, a watan Yuni ba sai an nemi dalili ba.

Na fito na kusa yarda da ita. Gaskiya ta faɗa, yaron ba zai rasa komai ba sai launin bango. Mu ne za mu rasa.

Sai na gamu da shi a baranda. Bai kai ƙara wurin kawunsa ba, bai nemi a sake duba takarda ba, ko abokansa ban ji ya gaya wa ba. Ya matsa gefe ya ba ni hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Sannu, agai.” Ya kalle ni cikin ido. Ya san yana da gaskiya, ya san zuwa yanzu na sani, jira kawai yake ya ga ko wane iri ne ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuskuren lambar ba ne. Kowa na yin kuskure a tsaye a jikin taga. Da Raushan ce ta ce mini sifiri, da na ce, “Nuna mini, 'yata.” Shi ban tambaye shi ba don tun Satumba nake jiran ranar da zan rubuta masa biyu. Kuma na ci shinkafa a kai.

Na rubuta takardar. Gobe zan miƙa. Ba shawararki nake nema ba, kafin amsarki ta iso mako uku sun wuce. Na san abincinku ne nake wasa da shi, da karatun Behruz, da maganin Inna. Ina neman ki yafe mini ne kawai. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Sadullo.

Pavlodar,
11 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Maman Behruz,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na ji daɗi da jin ƙafar Inna ta yi sauƙi, kuma Nigina ta koma makaranta. Nan har yanzu ƙanƙara ba ta fara narkewa ba, amma na san can itatuwa sun fara fure.

Takardarki ta iso. Kin ce ko 'yan aji huɗunki sun san ruwa ba ya komawa bokiti. Na karɓa. Kin ce da na tambaye ki da kin ce kada in yi, kuma shi ya sa ban tambaye ki ba. Wannan ma na karɓa. Layin ƙarshe da kika rubuta kika soke, na ɗaga takardar a hasken taga na karanta shi. Na gode.

Na jinkirta amsa don ina so in ba ki labarin a dunƙule.

An yi taron sashe a ƙarshen Janairu, mu goma sha ɗaya. Na tashi na karanta takardata, ba ta kai minti biyu ba. Sai Tolegen Mukanovich ya jingina da kujera ya ce, “Ikon Allah. Ashe a Tajikistan ruwa sama yake hawa. Shi ya sa kuke da wutar lantarki da yawa.” Aka yi dariya. Wannan karon ban taya su ba, kuma ba wanda ya lura. Wani ya ce to ai sai a rage wa yarinyar nan Raushan maki, tunda amsarta ba daidai ba ce. Na ce ba za a taɓa ta ba. Ta bi hanya daidai har ta faɗa ramin da ni na haƙa kuma na riga ta faɗawa, in za a rage maki a rage nawa. Suka bar ta. Amma na kira ta daga baya na nuna mata, ta yi kuka kaɗan, ta rubuta gyaran a littafinta.

Aka soke biyun, aka ce za a sake yi wa Madiyar jarrabawa kamar ba a taɓa yi ba, gaban mutum uku, ni ne mai yanke maki. Kafin mu shiga shugaba ya ja ni gefe. Ba zan zalunce shi ba, a ranar ya yi mini magana kamar mutum. Ya ce, “Ka yi abin da ba kowa zai yi ba, na gani. Yanzu ka ƙarasa alherin. Ka ba shi biyar, uwarsa ta bar ni in sha iska, takardar gargaɗin nan kuma ta ɓace a aljihun tebur. Aljihuna na da zurfi.” Na ce, “Bari mu ji abin da zai ce tukuna.”

Wallahi, Maman Behruz, na shiga ina roƙon Allah yaron ya cancanci biyar. Ban taɓa yi wa ɗalibi addu'a irin ta ranar ba.

Ya zari sabon tikiti. Aikin lissafin ya gama da shi kafin in gyara zama, kuma da kyau, har ɗaya daga cikin malaman ya gyaɗa kai. Sai tambayar ƙa'ida. Ita ce babbar ƙa'idar darasin: in ka san halin da abu ke ciki yanzu, ka san dokar da yake bi wajen sauyawa, to hanya ɗaya tak ce gare shi, gaba da baya. Amma tana da sharaɗi, in babu shi ƙa'idar ba ta tsayawa. Ya faɗi ƙa'idar, bai faɗi sharaɗin ba. Na ce, “Kullum haka take?” Ya ce, “Kullum, agai.” Na sake juya tambayar ta wata fuska. Na ba shi minti biyar. Na kusa sa masa ita a baki. Bai sani ba, ranar da na koyar da ita bai zo ba, kuma ba ta cikin shafi na sittin.

Na riƙe alƙalami, shugaba yana kallon hannuna. Na tuna ke, na tuna komai. Amma mako uku kafin nan na sa wa wani yaron ƙauye maki huɗu a kan wannan sharaɗin, shi kuwa ba shi da kawu. Na rubuta huɗu.

Shugaba ya tattara takardunsa ya fita. Ranar Litinin da ta wuce Lidiya Karlovna ta kawo mini takarda in sa hannu: aikina zai ƙare talatin ga Yuni. Ta ajiye mini alewa guda a kai ta ce, “Na gaya maka. Tsohon jaki.” Idonta ya yi ja.

Ba na cewa an zalunce ni. Na yi kuskure a tikiti, na kayar da mai gaskiya, doka ta ba su dama, sun ɗauka. Abin da ke mini ɗaci shi ne shekara huɗu ina shiga aji mai sanyi ban makara ko sau ɗaya ba, kuma abin da za a tuna da ni a nan shi ne mutumin da ruwansa ke hawa sama.

Jiya bayan darasi Madiyar ya tsaya, sai da kowa ya fita. Na zaci godiya zai yi ko ban haƙuri, na ɗaure fuska don ba na son ko ɗaya. Ya ce, “Agai, huɗun nan ta yi mini ciwo.” Na ce, “Daidai take.” Ya ce, “Na sani.” Sannan ya ɗauki alli ya ce, “Sharaɗin nan da na rasa. Na karanta. A gindin tanki yake karyewa, ko? In na tarar da tanki babu ruwa, ba yadda zan san ko yanzu ya ƙare ko tun jiya. Hanyoyin baya suna da yawa.” Na ce haka ne. Ya ce, “To nuna mini dalilin a lissafi, littafin ya tsallake.”

Muka tsaya a allo har aka rufe ɗakin cin abinci. Sau biyu ya katse ni, sau ɗaya yana da gaskiya. Da zai tafi ya ce, “Zan yi wa kawu magana.” Na ce, “In ka yi, ba ni ba kai. Ka dai riƙa zuwa ƙarfe takwas.” Ya ce, “Takwas da rabi, agai.” Har yanzu ba na sonsa. Amma cikin ɗalibai dubu da wani abu da suka bi ta hannuna, waɗanda suka taɓa yi mini irin wannan tambayar ba su kai biyar ba.

Yanzu ki gaya wa Inna, amma ki ce mata kewa ce ta dawo da ni. Ki tambayi yayanki ko akwai makarantar da ke neman malamin lissafi, a cikin Panjakent ko a ƙauye, kowane aji ne. Ban san abin da za mu ci da kaka ba, kuma ba zan yi miki alkawarin da ba ni da shi ba.

Saura mini wata uku da rabi da babi huɗu. Gobe da safe zan rubuta tikiti na goma sha bakwai a allo, da amsata ta goma sha shida a ƙarƙashinsa da sunana a gefe, in ce su nemo inda malaminsu ya ɓata. Gara su ji daga bakina, kuma su sa shi a littafinsu mai baƙin bango don na baya.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Sadullo.